Ɗakin Haya da Wurin Wanki

Gumel babban gari ne a arewacin Jihar Jigawa, wadda aka cire daga Jihar Kano a shekarar 1991. Nan ne fadar Sarkin Gumel, ƙasarsa kuwa ta ƙunshi ƙananan hukumomi 4, watau Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Baƙi su kan zo garin da yawa. Waɗansu karatu ya kawo su, gama akwai kwalejin horon malamai, waɗansu ma'aikata ne, waɗansu kuwa fatake ne masu cin kasuwar Maigatari ran Alhamis. Wanda ba shi da masauki sai ya kama haya, watau ya biya mai gida kuɗi, ya zauna a ɗakinsa.

Wani saurayi ya taso daga wani ƙauye na ƙasar Sule Tankarkar, ya zo Gumel karatu. Kuɗin da ke aljihunsa na riɗin da mahaifinsa ya sayar ne, in sun ƙare kuwa babu waɗansu sai wata kaka. Kawunsa ya rako shi domin ya taya shi neman ɗaki.

Dillali ya kai su wani gida. Ɗakin yana da faɗi, ga araha. Saurayi ya yi murna, har ya sa hannu aljihu. Kawu ya ce, "Dakata, yaro. Ina masu gidan nan su ke samun ruwa?"

Dillali ya ce, "Wurin masu garuwa su ke saye."

Kawu ya leƙa tsakar gida, ya ga ba rijiya, ba famfo, ba igiyar shanya. Ruwan wanki yana kwance a bakin zaure, ya yi baƙi, yana wari. Ya yi wa dillali godiya, suka wuce.

A gida na biyu ɗakin ƙarami ne, kuɗinsa kuma ya ɗara na farko. Amma akwai famfo a tsakar gida, da daɓen siminti na yin wanki, da igiya biyu na shanya. Akwai kuma rariya mai kai ruwa cikin wani rami rufaffe.

Saurayi ya ce, "Kawu, ai wannan ya yi tsada."

Kawu ya ce, "To, mu yi lissafi. In wankinka ya ci jarka 2 kowane mako, shekara kuwa mako 52 ce, jarka nawa ke nan?"

Ya ce, "Jarka 104."

Kawu ya ce, "Madalla. Ban da na sha, da na wanka, da na alwala. Ka san ƙasarmu rairayi ce, ruwa yana da nisa a ƙasa. Da bazara kuma masu garuwa su kan ƙara kuɗi. Ban da wannan, ruwan da ya kwanta shi ne gidan sauro. Cikin kamar kwana 10 ƙwansa ya kan zama sauro mai tashi, sauro kuwa shi ke kawo zazzaɓi. Abin da ka rage na haya ka kai wa mai garuwa da mai magani. Araha ba ta ado."

Saurayi ya gane. Suka biya mai gida a gaban shaidu, suka karɓi rasit. Sa'an nan mai gida ya gaya masa dokokin wurin wanki. Kowa ya jira layinsa. Kada a bar famfo yana zuba. Wanda ya gama ya share daɓe, ya kwashe shara daga bakin rariya. In tufafi sun bushe a kwashe su, domin wani ya sami wurin shanya. Kada kuma a taɓa sabulu ko bokitin maƙwabci sai da izininsa.

A manyan birane, kamar Landan ta ƙasar Ingila, akwai benaye masu ɗakin wanki guda na dukan 'yan haya, da injuna masu wanke tufafi su busar da su. Amma ko can ma sai kowa ya jira layinsa, ya bar wuri da tsabta. Zaman haya zaman haƙuri ne, ko da inji ko da bokiti.

Saurayin nan ya kiyaye dokokin, ya zauna lafiya da maƙwabtansa, kuɗinsa kuma suka kai shi har kaka.

Tambayoyi

1. Faɗi ƙananan hukumomi 4 na ƙasar Gumel.
2. Don me Kawu ya ƙi ɗakin farko?
3. In wanki ya ci jarka 3 kowane mako, jarka nawa ke nan a shekara?
4. Mene ne ma'anar "Araha ba ta ado"?