Agogon Da Ke Nuna Cajin Tsohuwar Mota

Da zarar amfanin gona ya fara shigowa gida, motocin ƙauye ba su da sauran hutu. Akori-kurar da ta yini tana jidar dawa daga gona ita ce za ta kwana a hanya da buhuna zuwa kasuwar Dawanau, in rani ya yi kuma ta koma ɗaukar kwandunan tumatir daga Kadawa da Kura. Da yawa cikin motocin nan tsofaffi ne. Akwai Peugeot 504, irin wadda aka yi shekaru ana haɗawa a masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975, akwai Land Rover, a gonaki kuma har yanzu akan ga tarakta Massey Ferguson 135, wadda aka ƙera daga 1964 zuwa 1975.

Cikin abubuwan da kan tsai da irin waɗannan motoci a daji akwai mutuwar batir. Buhun dawa ya iya jira a bakin hanya, amma tumatir ba ya jira. Kwana guda a rana ya isa ya mai da ribar fadama ruwa. Batir kuwa ba safai yakan mutu farat ɗaya ba. Yakan yi kwanaki yana ba da alama, sai dai babu mai gani. Ɗan agogon nan da ake kira boltimita, wanda ake kafawa gaban direba, aikinsa ke nan: ya nuna alamar tun da sauran dama.

Batir ba ya yin wuta, ajiya kurum yake yi, kamar rumbu. Mai yin wutar shi ne altaneta, ko dainamo a motocin da suka fi tsufa, fambel kuwa shi ke juya shi. Tsakaninsa da batir akwai katawut, wanda ke hana wutar yin yawa ko yin kaɗan. Duk sa'ad da aka yi kik an ɗebi wani abu daga rumbun, injin kuma in ya tashi sai ya mayar. In mayarwa ta tsaya, fitilu da kwayil za su yi ta ci daga ajiya har ta ƙare.

Wani zai ce ai akwai jar fitilar caji. Akwai ta, amma ba ta faɗin gaskiya duka. Tana kamawa ne in caji ya yanke gaba ɗaya ko ya kusa. In altaneta yana ba da rabin abin da ya kamata, sau da yawa shiru take yi. In caji ya yi yawa har yana dafa batir, nan ma shiru. Akwai kuma wani abin lura: a altaneta da yawa, ta cikin ƙwan jar fitilar nan ne ɗan abin wutar da ke tada caji ke bi. In ƙwan ya ƙone, caji ya iya ƙin tashi, fitilar da za ta yi gargaɗi kuwa ita ce ta mutu. Saboda haka in an murɗa makulli ba ta kama ba, lalle a gyara ta kafin a kama hanya.

Motocin da suka fi tsufa, da taraktoci, sukan zo da wani agogo dabam, watau amita, mai allura a tsakiya. Yana da amfani, amma wuta mai yawa ke bi ta cikinsa a waya mai kauri, in wayar ta tsufa ta iya jawo gobara bayan sitiyari. Boltimita siririyar waya ta ishe shi.

Ana auna ƙarfin turin wuta da abin da ake kira bolt, shi ne harafin V da ke jikin batir. Batirin mota yana da ɗakuna 6, kowane ɗaki yana ba da bolt 2.1, jimla 12.6. To, agogon nan ba kallonsa kawai ake yi ba, akwai lokatai uku da ake karanta shi.

Na fari da safe, bayan mota ta kwana. Direba ya murɗa makulli, kada ya tada injin, fitilu duka a kashe. In ya ga 12.6 ko kusa da haka, batir a cike yake. In 12.4 ne, kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi. In 12.2 ne, saura kamar rabi. In ya sauka 12.0 ko ƙasa, batir ya kusa zama fanko. Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, su ga 12 su ce ai batirin bolt 12 ne, lafiya lau. Ba lafiya ba. In kuwa kullum safiya yana nuna wajen 10.5, galibi ɗaki guda ya mutu, caji ba zai tashe shi ba. Dalilin da ya sa aka ce da safe shi ne, batirin da aka kashe injinsa yanzu yakan nuna 13, ya yi sa'o'i kafin ya koma matsayinsa na gaskiya.

Na biyu sa'ad da ake yin kik. Lamba za ta faɗi, wannan daidai ne, amma bai kamata ta wuce 9.6 ƙasa ba. In ta wuce, ko batir ya gaji, ko kan batir ya yi tsatsa, ko shi kik ɗin yana jan wuta fiye da kima. A fara da wanke kan batir da ɗaure shi, don shi ne mai araha.

Na uku, wanda ya fi duka muhimmanci, injin yana tafiya. Altaneta mai lafiya yakan riƙe wuta tsakanin 13.8 da 14.4. Da sanyin safiya takan tsaya sama, in injin ya ɗauki zafi ta ɗan sauko, wannan ba ciwo ba ne. Sa'an nan a ɗan taka totur, a kunna manyan fitilu da duk abin da ke cin wuta. In lamba ta tsaya sama da 13, caji yana ɗaukar nauyin motar. In ta zube zuwa 12 da 'yan kai, wannan mota da rana za ta yi tafiyarta ba wanda ya sani, amma daren farko da aka yi doguwar tafiya da fitila za ta ci batirinta. Mai dainamo kada ya tsorata in ya ga 12 da 'yan kai a silo, gama dainamo ba ya caji sai injin ya ɗan yi gudu. A taka totur, a ga ko lamba ta hau.

In caji ya yi kaɗan, kafin a je wurin mai gyaran wutar mota a duba fambel. A danna tsakiyarsa da babban yatsa, kada ya lotsa fiye da rabin inci. Fambel mai sako-sako yakan yi ƙara in an kunna fitila, yana zamewa maimakon ya juya altaneta. Ɗaure shi aikin minti biyar ne, ga shi kuwa mutane sun sha sayen sabon batir a kan wannan.

Yawan caji shi ne mugun, domin mota takan yi kyau a ido: fitilu tar, kik nan da nan. In lamba ta kai 15 ta zauna, katawut ya lalace. Ruwan batir zai yi ta ƙonewa, ana jin wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, ƙwan fitila yana yawan mutuwa. Da zafin bazara abin ya fi sauri. Kada a kusanci irin wannan batir da ashana ko taba, iskar da ke fita daga cikinsa tana kama wuta. Batirin da ake buɗewa a ƙara masa tataccen ruwan batir har ya rufe farantan ciki, ban da ruwan rijiya.

To, in ana cikin tafiya da dare lamba ta faɗo daga 14 zuwa 12 fa? Direba ya tsaya nan take ya buɗe ya duba fambel. In ya tsinke, kada a ƙara ko taku ɗaya, don a yawancin tsofaffin motoci shi ne kuma ke juya famfon ruwan lagireto, injin zai ƙone. Shi ya sa ajiye fambel na biyu ƙarƙashin kujera ya fi kuɗinsa daraja. In fambel yana nan lafiya, a kashe rediyo da fanka da duk abin da ba tilas ba, a nufi gari mafi kusa, kada a kashe injin sai a ƙofar mai gyara. Motar fetur za ta mutu in batir ya ƙare, domin kwayil da fulogi wuta suke ci. Tsohuwar tarakta mai gas za ta ci gaba da aiki, sai dai in an kashe ta ba za ta sake tashi ba.

Akwai wata al'ada ta cire kan batir injin yana tafiya, wai don a ga ko akwai caji. Zamanin dainamo aka gaje ta. A mota mai altaneta tana iya ƙone altanetan da katawut duka. Mai boltimita ba shi da bukatar wannan gwaji, kada kuma ya yarda a yi wa motarsa.

Kafa agogon ba wuya. Waya ɗaya ta tafi inda wuta ke zuwa sai an murɗa makulli, a sa mata ƙaramin fis, ɗayar a ɗaura ta a jikin ƙarfen mota inda babu fenti. Mai tsohuwar motar Ingila ko tsohuwar tarakta ya fara duba wane kan batir ke haɗe da jikin mota, domin waɗansu na kafin ƙarshen shekarun 1960 kan mai alamar + ne, sai a juya wayoyin. Akwai kuma mai nuna lamba wanda ake cusawa a ramin kunna taba, ya fi mai allura sauƙin karantawa, ko da yake a waɗansu motoci yakan ɗauke lokacin kik. Ranar da aka kafa, mai gyara ya auna kan batir da mitarsa a gwada. Na gaban direba yakan kasa da 0.2 ko 0.3 saboda tsawon waya, sai a riƙa ƙara wannan a kai.

Manyan motoci masu batir biyu a jere bolt 24 suke, sai a ninka lambobin nan duka. Taraktar da za a ajiye bayan kaka kuwa, a cire mata kan batir, a riƙa aunawa wata-wata, in ya sauka 12.4 a yi masa caji. Batirin da ya yi rani a fanko ba ya komawa daidai, kuma ranar da za a gane haka ita ce ranar da ruwan shuka ya sauka.