Yinin Farko a Kano: Shawarwari ga Iyalin da Suka Sauka a Fagge ko Sabon Gari

Wanda ya taso daga Damagaram, Maraɗi, Agadas, Injamena ko Kumasi zuwa Kano, a mota ko a jirgi, da wuya ya kwana bai taka Fagge ko Sabon Gari ba. Tun zamanin ayari Fagge zangon baƙi ce a bayan ganuwa, nan Buzaye ke sauke raƙuma da gishiri. Sabon Gari kuwa ta tashi ne bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, don ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu da ƙasashen gaɓar teku. Unguwanni ne da suka saba da baƙo, amma suna da sauri, kuma yinin farko shi ne wanda aka fi yin asara a cikinsa.

1. A fara da masauki, ba da kasuwa ba. A ajiye kaya, a yi wanka, a ci abinci. Fataken da suna sauka ne a hannun fatoma, wanda zai ba su ɗaki, ya ajiye musu dukiya, ya haɗa su da masu saye. Har yau mai masauki na gari ya fi taswirar waya amfani. Maigida ya zauna da shi ya tambayi kuɗin abin hawa zuwa inda za a je, da hanyar da ta fi cunkoso. A rubuta sunan titi da wata alama ta kusa, masallaci ko gidan mai, a sa wa kowane yaro a aljihu. Takardun tafiya su zauna a masauki in akwai amintaccen wuri, a fita da kwafinsu.

2. Canji a Wapa. Nan ne matattarar 'yan canji a Fagge, ana karɓar sefa, dala da riyal. Kada a tsaya wa wanda ya fara tare ku a bakin titi. A tambayi farashin ranar a wuri biyu ko uku, a shiga ofis, a zauna, a ƙirga a gaban mai canjin. In ta asusun banki za a turo, a ga shigar kuɗin a wayar wanda aka amince da shi kafin a miƙa na hannu. A canza na kwana biyu kawai, kuma a nemi ƙananan takardu, domin direba ba ya rasa cewa ba shi da canji.

3. An hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano tun 2013, don haka abin hawanku a daidaita sahu ne, wato babur mai ƙafa uku. Iyali su ɗauki shata, a gama ciniki kafin a hau. Waya ta koma aljihu, masu ƙwace sun fi son wadda ake latsawa a gefen titi.

4. A duba ranar da aka sauka. Ranar Juma'a, da hantsi ya ɗaga titunan kewayen masallacin Juma'a na Fagge sun fara cika, sai bayan an sauko hanya take buɗewa. Ranar Lahadi kuma shaguna da dama a Sabon Gari suna rufe, masu su suna coci.

5. Kada a ce sai an ga Kano duka a yini ɗaya. A ganina wuri uku sun isa. Da safe a zaga Kantin Kwari, kasuwar atamfa, shadda da leshi, inda Kwarori suka kafa kantuna tun zamanin Turawa. Uwargida ta yi haƙuri, yau ranar kallo ce da jin farashi. Atamfar da aka yi wa kuɗi a layin farko za a same ta da rangwame a layi na biyar, kuma ɗan kamashon da ya ce zai raka ku kyauta, ladarsa tana cikin kuɗin kayan. Daga nan Ƙofar Mata ba nisa. A tsaya a marina a ga yadda ake tsoma zane a baba da toka cikin rijiyoyin rini, a saurari bugu a ɗakin da ake sa wa zane ƙyalli. A nemi izini kafin ɗaukar hoto, a kuma sayi ko ɗan ƙyalle ne, mutanen nan sana'a suke yi. Na uku shi ne Gidan Makama, gidan tarihi da ke kusa da fadar Sarki, inda yara za su ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da makaman yaƙi. Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, lungunanta suna da rikitarwa, gara a bar ta sai gobe da ɗan rakiya. Masu sauran ƙarfi a gwiwa su hau Dala bayan la'asar. Daga samanta ana ganin birni da waje, har mutum ya gane ta inda ya biyo. Tsofaffi da masu goyo su jira a ƙasa.

6. Abokan tafiya suna teburin mai shayi, da ƙofar masallaci bayan magariba, da barandar masauki. Za ka ji Zabarmanci, Buzanci, Larabcin Cadi da Faransanci a benci ɗaya. Wanda ya riga ka sauka da kwana uku ya san abin da littafi bai sani ba: wane shago ke ɗaure kaya da kyau, wace mota ke tashi da asuba, nawa aka biya a kan iyaka. A yi sallama, a tambayi gajiya da mutan gida, a bari shi ma ya yi tambaya. In garinku ɗaya, ana iya haɗa kuɗin shata ko na dakon kaya. Mata ma sukan haɗu a masauki su fita Kwari tare, kuma ciniki ya fi daɗi a haka. Sai dai fara'a daban, amana daban. Kada a faɗi adadin kuɗin da aka zo da su. Kada a karɓi ƙunshin wani a ce za a kai masa gida ba a ga abin da ke ciki ba, domin a shingen kwastan wanda kaya ke hannunsa shi ne mai su. Wanda ya cika zaƙewa, ya ce ya san inda ake canji da araha a wani lungu, a gode masa a kai sunansa wurin mai masauki.

7. A ci na gari. Gurasa da tsire, masa da miyar taushe, ɗanwake, fura da nono a Fagge. A Sabon Gari akwai sakwara da miyar agushi, amala da farfesu a gidajen abincin Yarbawa da Ibo. Unguwa ce ta kowa da kowa, akwai mashaya a wasu layuka, don haka mai iyali ya tambayi gidan abincin da zai shiga, ya kuma tambayi naman da aka dafa ba tare da ɗaga murya ba. Kasuwar Sabon Gari, wadda ke ɗauke da sunan Abubakar Rimi, ita ce ta kayan girki, takalma da kayan lantarki. Ruwan sha na roba ko na leda.

8. A koma masauki da wuri. A 2022 gwamnatin jiha ta sa dokar hana a daidaita sahu zirga-zirga daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, saboda haka kada a dogara da samun abin hawa in dare ya yi. Masu wucewa kudu su aika a yanko musu tikiti tun da rana a tashar New Road, inda manyan motocin Legas da Anaca ke lodi, su kuma tambayi lokacin tashi daga bakin mai yankan tikitin, ba daga yaran tasha ba.