Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Kai Sifirin Jikin Garmar Tarakta?

Wani mai sauraronmu daga Funtuwa ya ce ya ga sifirin a bayan haƙoran garmar da tarakta ke ja, shin mene ne amfaninsa?

To, Malam, ba ado ba ne. Kowane haƙori a maƙale yake da ƙusa guda da yake juyawa a kanta, sifirin kuma na riƙe da shi. Idan bakin haƙorin ya ci karo da dutse ko saiwar bishiya, sai sifirin ya miƙe, haƙorin ya ja baya ya tsallake, sannan ya koma mazauninsa tarakta na tafiya. Da ba don haka ba, ko haƙori ya karye ko garmar ta lanƙwashe.

Wasu samfurin Indiya masu haƙora 9 sifirin bibbiyu ake sa wa kowane haƙori. Akwai kuma samfurin ƙasar Denmak, inda haƙorin kansa ne sifirin, a tanƙware, yana karkarwa yana farfasa hoge.

Sai dai fa idan sifirin ya saki, haƙorin zai riƙa shafar ƙasa sama-sama. Kafin damina ta sauka, Malam, a duba shi, a canza wanda ya gaji.