Darasi Daga Tarihin Iyalin Carnegie

A wannan darasi za mu duba tarihin wani iyali da talauci ya raba da ƙasarsu ta Sikotland.

William Carnegie masaƙi ne a garin Dunfermline. Da injunan saƙa suka yawaita, sai kasuwar saƙar hannu ta mutu. Matarsa Margaret ta shiga ɗinkin takalma don a samu na abinci, amma abin bai wadatar ba. A shekarar 1848 suka sayar da kayansu, suka ci bashin fam 20, suka hau jirgin ruwa zuwa Amurka tare da 'ya'yansu biyu, Andrew da Tom. Suka zauna a Allegheny, kusa da Pittsburgh, inda 'yan'uwan Margaret suke.

Baƙunta ta yi wa William nauyi, har ya rasu a 1855 bai tara komai ba. Andrew kuwa bai wuce shekara 13 ba ya kama aiki a masana'antar auduga, ana biyansa dala 1 da santi 20 a mako. Daga nan ya zama ɗan aike a ofishin tangaraho. A lokacin ne wani Kanar James Anderson ya buɗe wa yara ma'aikata ɗakin littattafansa, suna aro kowace Asabar. Da waɗannan littattafai Andrew ya ci gaba da karatun da ya yanke.

Daga baya ya yi arziki a sana'ar ƙarfe. A 1881 ya kai mahaifiyarsa Dunfermline, ita ta aza harsashin ɗakin karatun da ya ba garin. A 1901 ya sayar da kamfaninsa kan dala miliyan 480. Ɗakunan karatun da aka gina da kuɗinsa sun haura 2,500.

Sai dai kada mu ɓoye laifinsa. A 1892 ma'aikatansa na Homestead suka yi yajin aiki saboda rage lada, aka kawo masu bindiga, aka rasa rayuka. Ɗan masaƙin da ya san zafin talauci bai tausaya musu ba.

Me za mu koya? Na farko, mu girmama wahalar da iyaye ke sha dominmu. Na biyu, mu karɓi baƙon da ya sauka a unguwarmu, ko da littafi ɗaya za mu ara masa. Na uku, idan mun samu, mu biya waɗanda ke ƙarƙashinmu haƙƙinsu kafin mu yi kyauta a waje.