Amsar Wasiƙa: Ana Gane Ciwon Injin Gas Daga Ƙararsa?

Wasiƙarmu daga Zariya take, wani ɗalibin injiniyanci ne ke tambaya ko da gaske ne ana iya gane cewa kwampreson injin gas mai samar da lantarki zai rikice ta hanyar sauraren ƙararsa.

To malam, gaskiya ne, sai dai ba kunnen mutum ke wannan aiki ba. Kwampreso shi ke zuƙo iska ya matse ta kafin a haɗa da gas a ƙona, kuma manyan injina irin na tashar Geregu a jihar Kogi suna juyawa sau 3,000 a minti ɗaya. Idan iskar da ke shiga ta yi kaɗan, ko ƙurar hunturu ta manne wa fukafukan kwampreson, sai wasunsu su kasa riƙe iska. Wani curin hargitsattsiyar iska ya riƙa kewaya cikin kwampreson da kusan rabin saurin injin. In ba a tare shi ba, iskar da aka matse tana iya juyowa baya da ƙarfi, har ta karya fukafukai. Kafin a kai nan, sautin injin yakan canza. Na'urorin da aka dasa a jikinsa suna ɗaukar wannan canji, kwamfuta ta tace shi daga ƙarar yau da kullum.

Wani zai ce injin da ke toshe kunne, ina za a ji ɗan motsi a cikinsa? Ai ƙarar fukafukai masu lafiya tana da tsari sananne, don haka baƙon sauti ba ya ɓuya. Babbar matsalar ita ce lokaci. Binciken Ivor Day a jami'ar Kambirij ya nuna wata rikicewar takan ba da alama tun da wuri, wata kuwa cikin 'yan juyi kaɗan take aukuwa, ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Ma'aikaci ba zai kai ga maɓalli ba, dole kwamfutar ta buɗe bawul ta saki iska, ko ta rage gas da kanta.

Saboda haka malam, sauraren sauti yana da amfani sosai, amma sai an haɗa shi da awon matsin iska da na girgiza, ana kuma wanke fukafukai a kan kari.