DARASI: TACE FINAFINAI DA AMANAR IDO

 Darasin wannan mako ya shafi finafinan ban tsoro waɗanda ake nuna azabtar da mutane da yayyanka jikinsu.

A ƙasar Ingila akwai hukumar tace finafinai da aka kafa tun 1912. Aikinta shi ne ta duba fim, ta faɗi shekarun waɗanda suka cancanci kallonsa. Bisa dokar 1984, fim ɗin da ta hana wa takardar izini, sayar da kaset ko faifansa laifi ne. A 2009 ta ƙi wani fim na Japan mai suna Grotesque, domin babu wani labarin kirki a cikinsa sai azabtarwa tsagwaronta. A 2011 kuma ta ƙi The Human Centipede II, ba ta yarda da shi ba sai da aka datse minti 2 da daƙiƙa 37.

Ashe ko a ƙasar da ake tinƙaho da 'yanci an yarda cewa abin da ido ya gani yana sauka a zuciya. Amma ma'aunin ɗan Adam ba ya zama wuri ɗaya. Fim ɗin The Texas Chain Saw Massacre, wanda hukumar ta ƙi a 1975, ita ce kuma ta sake shi a 1999.

Ma'aunin Musulunci kuwa tsayayye ne. A Suratul Isra'i, aya ta 70 ta tabbatar da darajar 'yan Adam, aya ta 36 kuma ta nuna za a tambayi bawa game da jinsa da ganinsa da zuciyarsa. Annabi (S.A.W.) ya hana wulaƙanta gawa ko da ta abokin gaba ce a fagen yaƙi. To, yaya abin da aka hana a fagen fama zai zama abin nishaɗi a zaure? Malaman Malikiyya sun yi ƙarfi a kan saddu zari'a, wato toshe ƙafar ɓarna tun ba ta auku ba.

Yau fim ɗin da hukuma ta hana yana iya shigowa ta wayar yaro cikin dare. Saboda haka babban mai tacewa shi ne maigida da uwargida, domin kowane makiyayi abin tambaya ne game da kiwonsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya tsare idanun bayinSa da zukatansu, amin.