Tsaya ko Saya? Illar Ƙarar Injuna ga Jin Ma'aikata da Hanyoyin Kariya

Duk wanda ya ratsa unguwar Maitama a Abuja zai ga manyan gidaje da ofisoshin jakadanci, ga tituna tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Idan kuwa ya ɗaga kai zai hango duwatsun Mpape, inda aka daɗe ana fasa dutse da nakiya, injuna su niƙa shi, tifofi su kwashe tsakuwar zuwa wuraren gine-gine. A watan Satumba na 2018 ƙasa ta yi motsi a Mpape da wani ɓangare na Maitama, har hukumomin Abuja suka dakatar da fasa dutse a yankin na wani lokaci. A lokacin hankalin jama'a ya fi karkata ga gine-gine. Wannan maƙala za ta dubi kunnen leburan da ke yini a gaban waɗannan injuna, domin al'amarin ya shafi ilimin furuci da muke karantawa a aji.

Yadda ƙara ke ɓata ji

Sauti yakan bugi dodon kunne, sannan ya wuce can ciki zuwa wata 'yar gaɓa mai siffar dodon koɗi. A cikinta akwai ƙananan ƙwayoyin halitta masu gashi, kimanin 16,000, waɗanda ke karɓar sauti su miƙa wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai tsanani tana kashe su kaɗan-kaɗan, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Babu ciwo, babu jini. Abin da ma'aikaci kan lura da shi shi ne kunnensa na ƙugi idan ya tashi aiki, ko ya ji maganar mutane kamar daga cikin rijiya. Da safe ya ji ya washe, sai ya ɗauka ya warke.

Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin desibel. Hira tsakanin mutum biyu takan kai 60. Masana lafiyar ma'aikata sun sa iyaka a desibel 85 na tsawon awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, har a kai 100 inda minti 15 ne kawai. Injin huda dutse yakan wuce 100. Wanda ba shi da na'urar awo yana da hanya mai sauƙi: in sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye a gabanka, tazarar hannu ɗaya, ya ji ka, to ƙarar wurin ta kai mizanin illa.

Matsalar tsohuwa ce. Tun farkon ƙarni na 18 wani likita ɗan Italiya, Bernardino Ramazzini, ya rubuta cewa maƙeran tagulla kan kurumce saboda bugun guduma.

Baƙaƙen da ke fara ɓacewa

Nan ne abin ya shafi ɗalibin harshe kai tsaye. Ƙarar injin ba ta cinye ji gaba ɗaya a lokaci guda. Tana farawa ne da siraran sautuka masu girgiza wajen sau 4,000 a daƙiƙa. Wasula da karin sauti suna ƙasa da wannan, don haka sukan tsira. Waɗanda ke fara dusashewa su ne zuzau irin su /s/ da /sh/ da /f/, da kuma tunkuɗau /ts/. Saboda haka mutum yana jin murya sarai, yana jin hawa da saukarta, amma ya kasa bambance sari da tsari da fari, ko sa da sha. A gida sai a ce ya cika shariya, ko kuma yana jin abin da ya ga dama ne kawai. A wurin aiki kuwa, tifa na dawowa da baya, abokin aiki ya ƙwala masa "tsaya!", shi kuma abin da ya iso kunnensa "aya" ne. Ina ganin ya kamata malamanmu su riƙa kawo wannan misali idan ana koyar da ƙwayar sauti, domin ya fi duk misalan da ke allo nuna aikinta.

Kariya

Matakin farko yana wuyan mai wurin aiki: a gyara injin da ya tsufa, a sa masa salansa, a killace janareta a ɗaki nesa da mutane. Sai kuma rage lokacin da mutum ɗaya zai yi a bakin injin, a riƙa yin karɓa-karɓa. Abin toshe kunne na soso, ko wanda ake kifawa a kan kunne, shi ne mataki na ƙarshe, kuma sai an sa shi daidai, ba a cirewa har a tashi. Audugar da masu injin niƙa da markaɗe ke cusawa a kunne ba ta tare wani abin kirki.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, tana da ƙa'idojin kayyade ƙara na 2009. Dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010 ta ambaci raunin ji a fili, kuma ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashi a asusun NSITF. Sai dai lebura mai aikin yini, wanda ake sallama da yamma, da wuya sunansa ya shiga wannan rajista. Ko wanda ya shiga ma yana buƙatar shaida, shi ya sa ake so a gwada jin ma'aikaci tun ranar da aka ɗauke shi, a kuma maimaita kowace shekara, a ajiye takardar. In babu sakamakon gwajin farko, ranar da ya je neman diyya za a iya ce masa da kurumtarsa ya zo.